Tsaraba, Akushi da Zauren Ɗori: Yadda Yaro ke Koyon Mallakar Zuciya a Ƙasar Jega, Aliero da Maiyama

Ranar Talata, 31 ga Maris 2015, ana tsakiyar tattara sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a Abuja, wakilin jam'iyya mai mulki a lokacin, tsohon minista Godsday Orubebe, ya karɓe makirufo ya yi ta ɗaga murya a kan shugaban hukumar zaɓe, Farfesa Attahiru Jega, yana zarginsa da son kai. Duk ƙasa na kallo ta talabijin. Farfesan ya zauna ko gezau, har mutumin ya gaji don kansa, sannan ya amsa ƙorafin cikin murya mai sanyi, ya tuna masa da girmansa, aka ci gaba da aiki. A majalisun garin Jega, mahaifar Farfesan, kalmar da na fi ji a waɗancan kwanaki ita ce tarbiyya.

Ban musa ba. Sai dai na lura in ana ba yara labarin, rabinsa ake ba su. Akan ce, "Kun ga yadda ya yi shiru?" Da wuya ka ji an ce, "Kun ji yadda ya yi magana?" Alhali shiru kaɗai ba abin a zo a gani ba ne, wanda tsoro ya kama ma shirun yake yi. Abin da ya burge mutane shi ne bayan zagi ya shiga kunnensa, hankalinsa na nan a hannunsa, har ya zaɓi abin da zai faɗa da lokacin faɗarsa. Wannan nake kira mallakar zuciya a wannan maƙala, kuma ina raba shi da danne zuciya, wato a rufe fuska a bar ciki na tafasa. Abin da nake son kafa hujja a kai shi ne, yaro aron mallakar zuciya yake yi daga babban da ke kusa da shi kafin ta zama tasa, kuma ta ƙofa biyu aron ke shiga: natsuwar babban a lokacin da yaron ya rikice, da cika alkawarinsa in ya ce "jira". Gidajenmu na wannan yanki sun daɗe da kayan wannan aiki. Matsalar ita ce masu amfanin ne ke zubewa, bulala da tsawa kuma suna nan daram.

Batun ba ƙarami ba ne. A garin Dunedin na ƙasar Niyuzilan an bi yara 1,037 da aka haifa a 1972 zuwa 1973 tun suna jarirai har suka girma. Sakamakon da Terrie Moffitt da abokan aikinta suka fitar a 2011 ya nuna waɗanda suka fi iya riƙe kansu a ƙuruciya sun fi lafiya da rufin asiri suna 'yan shekara 32, sun kuma fi tsira daga hannun hukuma, ko da an cire bambancin kaifin basira da arzikin iyaye. Masu nazarin ƙwaƙwalwa kuwa sun nuna sashen da ke bayan goshi, wanda ke taka wa kwaɗayi da fushi birki, shi ne mai jinkirin nuna: yana saurin haɓaka tsakanin shekara 3 zuwa 5, amma ba ya kammala sai mutum ya haura ashirin. Bahaushe ya san wannan tun ba a ƙirƙiro na'urar hoton kai ba, shi ya sa yake cewa yaro "bai yi wayo ba". Ɗan shekara biyu da ke birgima a ƙasa, ko ya yi kuka har ya shiɗe, birkin ne bai gama haɗuwa ba. Ga shi kuma daidai lokacin ne ake yaye shi, a raba shi da nono da bayan uwa, sau da yawa ƙani na tafe. Wanda ya kira wannan iskanci ya ɗora wa yaro laifin da ba nasa ba.

Ƙofa ta farko a zauren ɗori na gan ta. Shekarun baya ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara shida, ya faɗo daga amalanken shanu a wani ƙauye na ƙasar Maiyama, ya karye a hannu. Aliero aka nufa da shi, garin da sunansa ya yi nisa a ɗori kamar yadda ya yi a albasa. (Muhawarar ɗori da asibiti daban take, ina da ra'ayina a kanta, amma ba ita ta tara mu ba.) Mun tarar da zaure cike, mutane jere a kan tabarmi, wani da ƙafa a miƙe cikin karare, wani da hannu rataye a wuya, ga warin man shafawa ya cika ɗakin. Uban yaron ya tsaya daga bakin ƙofa. Ɗan farinsa ne, ko sunansa ba ya faɗa, balle ya rungume shi a gaban jama'a. Da aka taɓa hannun yaro ya ƙwalla ƙara, sai uban ya daka tsawa: "Kai! Namiji na kuka? Yi muna kurum!" Kukan ya tsaya cak. Amma jikin yaron ya ɗauki ɓari, haƙoransa na haɗuwa, kuma duk lokacin da aka kai hannu sai ya fizge.

Dattijon mai ɗorin bai ce wa uban komai ba. Ni ya duba ya ce, "Kai ne kawu nai? Zamna ka aza shi bisa cinya." Na zauna na jingina bayan yaron da ƙirjina. Sannan ya sunkuyo daidai fuskarsa ya ce, "Ɗan baba, ba ni yi ma ƙarya, za ya yi zahi. In na ja, yi kukanka, babu komi. Hannun ga ɗai nika so ka bar min, kak ka motsa shi. Ga kawunka nan riƙe da kai." Ya yi bisimilla ya ja. Yaron ya yi kuka har maƙwabta suka ji, amma hannun bai motsa ba.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Uban ya nemi yaron ya mallaki abin da ya fi ƙarfinsa, wato zafin karaya da hawayen da ke binsa, ya kuma samu abin da ya nema a fuska kawai. Dattijon ya bar masa kukansa, ya ɗora masa aiki ɗaya tak wanda zai iya ɗauka, ya gaya masa gaskiyar abin da ke tafe, ya kuma ba shi aron jikin babba mai numfashi a hankali. Wanda aka bari ya yi kuka shi ne ya riƙe kansa. A 1993 James Gross da Robert Levenson a Amurka sun nuna wa mutane fim mai tayar da tsigar jiki, na yanke gaɓa a ɗakin tiyata, suka ce wa rabinsu su ɓoye abin da suke ji kada ya bayyana a fuska. Fuskokin sun yi lum, amma na'urorin da aka manna musu sun nuna jikinsu ya fi na sauran tashi, ƙyamar da suke ji kuma ba ta ragu ba. Mun saba cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Fuskar da aka horar da tsawa ba ta ba da labari, sai ka taɓa jikin ka ji yana rawa.

Za a ce ai Alƙur'ani ya yabi masu haɗiye fushi, Bahaushe ma ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne. Amma ayar ta cikin Ali Imrana ta haɗa haɗiye fushi da yafe wa mutane, kuma malamai sun bayyana cewa wanda ake yabo shi ne mai ikon zartar da fushin ya zaɓi bari. Yaron da aka tsaya a kansa da dorina ba shi da zaɓi, don haka shirunsa ba ya cikin wannan babi. Koyarwar Annabi (SAW) ga mai fushi ma aiki take ba jiki: in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta, ya nemi tsari, ya yi alwala. Hanya ce ta sauke tukunya daga wuta, ba ta danne murfi ba.

Ban ga laifin mijin ƙanwata ba sosai, abin da ya gada ne. Kunyar ɗan fari tsohuwar al'ada ce, Baba ta Karo ta bayyana ta dalla-dalla a tarihin rayuwarta da Mary Smith ta wallafa a 1954. Anthony Kirk-Greene ma, a lakcarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya sa kunya da haƙuri da hankali cikin siffofi goma da Bahaushe ke auna mutum da su. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne al'adar ba ta bar ɗan fari a wofi ba. Ta janye hannun uwa da uba ne saboda ta san akwai wasu hannuwan: kaka mai wasa da shi tana kiransa mijinta, goggo, kawu, abokiyar zaman uwa, yayyen gida masu goyo. A babban gida, yaron da ya ɓata da mutum ɗaya yana da cinya biyar da zai faɗa. To yau ga malamin makaranta a ɗaki biyu na haya a Jega, ko ma'aikacin jami'ar da aka kafa a Aliero a 2006, shi da matarsa da ɗansu, kakanni na ƙauye. In suka riƙe kunyar kamar yadda suka gada, wa zai ɗauki yaron in ya rikice? An taho da rabin al'ada an baro rabin da ke sa ta yi aiki. Karin maganar nan da ke cewa tsoro na daji, kunya na gida, ta raba abubuwa biyun sarai, amma a gida irin wannan yaro ba ya iya rabewa tsakanin uban da ke jin kunyarsa da uban da ba ya son sa.

Ƙofa ta biyu ita ce alkawari, kuma a nan ne nake ganin mun fi yin sakaci. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke kan hanyar Koko zuwa Jega, irin su Andarai da Mungadi, ya san safiyar kasuwa. Maigida ya ɗaura buhu a bayan babur, ƙaramin yaro ya riƙe masa riga yana kuka sai ya bi shi. Sai a ce, "Haba, yi haƙuri, in na dawo ga tsarabarka, rake da ƙuli-ƙuli." Yaro ya saki riga. Daga nan har la'asar yana cikin makaranta, ko da ba wanda ya kira ta haka. Duk ƙarar babur da ya ji sai ya leƙa. Yana koyon riƙe kwaɗayi na tsawon yini, yana koyon cewa abin da ba ya gani yana nan tafe. In uban ya dawo ya zaro raken, darasi ya zauna. In kuwa ya dawo hannu rabbana ya ce "af, na manta", ko ma ya yi tsawa don an tambaye shi, wani darasin ne ya zauna: maganar manya iska ce, abin da ka riƙe a hannu shi ne naka, kuma in kana son abu kada ka saki riga. Mako mai zuwa kukan zai fi na yau tsawo, a ce yaron ya cika rigima.

Wannan ba hasashe ba ne kawai. A ƙarshen shekarun 1960 Walter Mischel na Jami'ar Stanford ya fara gwajin nan da ya yi suna: a ajiye wa ƙaramin yaro alewa ɗaya a bar shi shi kaɗai, a ce in ya jira har a dawo za a ba shi biyu. Da aka bi yaran aka ga masu jiran sun fi yin kyau a karatu daga baya, sai duniya ta ɗauka haƙuri wani abu ne da ke cikin jinin yaro. A 2013 Celeste Kidd da abokan aikinta a Jami'ar Rochester suka sake gwajin da yara 28, amma kafin a kawo alewar sai a yi wa yaro alkawarin kawo masa sababbin kayan zane. Rabin yaran aka cika musu, rabi aka dawo aka ce babu. Waɗanda aka cika wa alkawari sun jira alewar kimanin minti 12, waɗanda aka saɓa wa kuwa kimanin minti 3. Yara iri ɗaya, gwaji iri ɗaya. Sannan a 2018 Tyler Watts da Greg Duncan da Haonan Quan suka duba yara sama da 900, suka ga in an yi la'akari da halin gidan da yaro ya fito, yawancin fifikon masu jira sai ya narke.

Manomin albasa na Aliero ba ya bukatar a fassara masa wannan. Kowa ya san lokacin cirar albasar rani buhu arha yake, wanda ya zuba tasa a rudu ya jira 'yan watanni shi ke ganin kuɗi. Amma wa ke iya jira? Mai abin da zai ci kafin lokacin, wanda ba a bin sa bashin taki da man ban-ruwa, wanda ya yarda rumfarsa ba za ta bar albasar ta ruɓe ba. Wanda ya sayar a bakin gona ba raggon zuciya ba ne, lissafi ya yi da halin da yake ciki. Yaro ma mai lissafi ne. "Yi shiru, yanzu innarka za ta dawo," alhali ta tafi biki kwana uku. "Ba allura za a yi maka ba," ga ma'aikaciya tana zuƙo ruwan allurar. "In ba ka yi barci ba dodo zai kama ka." Muna ɗaukar waɗannan a matsayin dabarar rarrashi, ba ma lissafa su cikin ƙarya. Shi kuwa yana tara su, da su yake auna ko "jira" kalma ce da ake dogara da ita.

Akwai wata makarantar da ta fi tsaraba yawan zama, don ita kullum ce: akushi. Yara huɗu ko biyar sun kewaye kwano ɗaya na tuwon dawa ko na shinkafa. Ba a sa hannu sai babba ya sa. Kowa ya ci gabansa. Tsokar naman da ke tsakiya tana kallonka kana kallonta, ba mai taɓawa sai an gama, a raba, babba ya fara ɗauka. Daga ƙarshe manyan su tsame hannu su bar wa ƙaramin suɗi. A nan ƙaramin ya jira, amma ya san rabonsa ba ya ɓata, babban kuma ya koyi tashi bai ƙoshi sarai ba. Wani bincike da aka buga a 2022 ya kwatanta yaran Kyoto ta Japan da na Boulder ta Amurka: 'yan Japan, waɗanda suka saba jiran kowa ya zauna kafin a fara ci, sun fi daɗewa wajen jiran abinci, 'yan Amurka kuma, da suka saba ajiye kyauta a naɗe sai ranar biki, sun fi daɗewa wajen jiran buɗe kyauta. Ashe haƙuri inda aka saba yin sa yake tsiro. Shi ya sa nake kallon sabon yayin ba kowane yaro farantinsa, ya ci a gaban talabijin lokacin da ya ga dama, da ɗan shakku. Ta fuskar tsafta da tabbatar da ƙaramin ya ƙoshi yana da hujja, ban ƙi ba, amma wani abu ya tafi tare da akushin kuma ba mu maye gurbinsa ba.

Azumin yara ma haka yake in an bi shi a hankali: ɗan shekara bakwai ya kai azahar, a yaba masa, a ajiye masa ƙwai ko ƙosai na musamman, baɗi ya kai la'asar. Wasanni kuwa ba sai an faɗa ba. Mai langa yana riƙe da ƙafarsa ana tunkuɗarsa, ransa na so ya saki ya kai naushi, amma ya san in ya saki ya fita. Mai ɓuya tana maƙale a bayan rumbu, dariya na cin ta, ta toshe baki. Lev Vygotsky, masanin Rasha da ya rasu a 1934, ya lura a cikin wasa ne yaro ke fara bin doka da son ransa, ya ƙi abin da zuciyarsa ke so nan take don wani daɗin da ya fi shi. Ajin share fagen firamare da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta shigo da shi, in aka mai da shi wurin zaunar da 'yan shekara huɗu awa uku suna maimaita haruffa da bulala a kan tebur, an kori malamin da ya fi kowa iya koyar da haƙuri an bar shi a dandali.

Hujja mafi ƙarfi a kan abin da nake faɗa ita ce ta dattawa: mu da bulala aka rene mu, ga mu mun zama mutane. Akwai ma binciken da kamar yana goyon bayansu. Bettina Lamm da Heidi Keller da abokan aikinsu sun yi gwajin jira ga 'yan shekara huɗu na manoman Nso a Kamaru, da fanke, suka kwatanta da yaran Jamus. Kusan kashi 70 cikin 100 na yaran Nso sun jira minti goma cif, wasu har barci ya kwashe su, na Jamus kuwa ba su kai kashi 30 ba. Iyayen Nso masu son biyayya da girmama na gaba ne, kamar mu. Na yarda tsari da sanin matsayi suna taimakon yaro, gidan da ba a hana komai ba ya haifar da mai haƙuri, sangartacce yake haifarwa. Amma Keller ta daɗe tana bayyana yadda uwar Nso ke renon jariri: yana manne da jiki, ana ba shi nono tun kukan bai yi nisa ba, hannuwa da yawa na karɓarsa. Dattijon da ke yabon bulala ya manta shekara biyun da ya yi a bayan uwarsa, da tatsuniyar kakarsa, da akushin, da dandalin. Ya ba bulala ladan aikin da wasu suka yi.

Malamanmu na Musulunci ma ba su sakar wa mai duka linzami ba. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 870, ya rubuta littafi kan ladubban malaman yara, ya iyakance horo ga bulala uku sai da izinin uba, ya hana bugun kai da fuska, ya kuma hana malami duka yana cikin fushi. Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ƙasar nan tamu ke ƙarƙashin masarautarsa, ya taƙaita Madkhal na Ibnul Hajj, littafin da ke da babi kan ladubban mai koyar da yara. Imam Gazali ya yi gargaɗi cewa yawan faɗa na sa zargi ya yi wa yaro sauƙi har ya daina jin sa, ya kuma ce a bar shi ya yi wasa bayan karatu. Ibn Khaldun ya fi su zafi: a ganinsa tsanani na koya wa yaro kasala da ƙarya da nuna abin da ba shi ne a ransa ba. Sharaɗin nan na kada a yi duka cikin fushi, in da za a bi shi, da mafi yawan dukan da ake yi a gidajenmu ya faɗi, don kusan duk a cikin fushi ake yin sa. Uwar da ta fizgo yaro ta nana masa mari don ya mari ƙanwarsa ta nuna masa a aikace abin da mai ƙarfi ke yi in ransa ya ɓaci. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da UNICEF a 2016 zuwa 2017 ya nuna sama da takwas cikin goma na yaran Nijeriya 'yan shekara 1 zuwa 14 sun sha duka ko tsawa mai muzantawa a gida cikin wata guda kafin binciken. Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor kuma, da suka tattara binciken shekaru masu yawa kan yara sama da 160,000 a 2016, ba su ga duka na ƙara biyayya mai ɗorewa ba, sai dai yawan faɗa da taurin kai. Akasarin binciken a ƙasashen Turawa aka yi, amma abin da suka gano bai yi nisa da abin da Ibn Khaldun ya faɗa shekaru ɗari shida da suka wuce ba.

Wani sabon mai rarrashi ya shigo, wato waya. Yaro ya fara birgima a cikin mota ko a gidan suna, a miƙa masa ita, shiru kamar ruwa ya cinye shi. Jenny Radesky ta Jami'ar Michigan ta bi iyaye 422 masu yara 'yan shekara 3 zuwa 5, ta ga yawan kwantar da yaro da waya na tafiya tare da ƙaruwar saurin harzuƙa, musamman ga maza. A ganina waya da dorina 'yan gida ɗaya ne ta wannan fuska: duka biyun suna kashe kukan ba tare da yaron ya ratsa abin da ke damunsa ya fita ta ɗaya gefen ba.

Ratsawar tana bukatar suna. Hausa na da arzikin kalmomin zuciya: fushi daban, haushi daban, takaici daban, ga kishi, kewa, fargaba, ƙunci, ɓacin rai. Amma yaro ba ya jin ko ɗaya a kansa, abin da yake ji shi ne "rigima", "fitina", "kukan banza". Yarinyar da aka yi wa ƙani ta koma fitsarin kwance da tsotsar yatsa, in goggonta ta ɗauke ta ta ce, "Kishi kike ji ko? Kina kewar bayan Inna. Zo in goya ki, amma ba a tsunkulin jariri," ta ba ta sunan abin da ke cin ta, ta kuma ja mata iyaka a numfashi ɗaya. Wanda ya san sunan ciwonsa yana iya faɗa, wanda ya iya faɗa bai cika kai hannu ba. Anas ɗan Malik, wanda ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma ba a taɓa yi masa tsawa ba, shi ya ruwaito yadda Annabi ya kula da ƙaramin ƙanensa Abu Umair, yana tambayarsa labarin ɗan tsuntsunsa da ya mutu. Shugaban al'umma ya tsaya kan baƙin cikin yaro a kan tsuntsu. Mu kuwa da mun ce, "Don wannan kake kuka?"

Bayan 'yan makonni muka koma Aliero a kwance wa ɗan ƙanwata ɗori. Tun a mota yake tambayata, "Kawu, za ya yi zahi?" Na ce masa mu bari mu tambayi mai aikin. Da muka shiga zauren bai jira na zauna ba, ya tafi gaban dattijon ya maimaita tambayar. Dattijon ya duba hannun, ya latsa nan ya latsa can, ya ce, "Yau babu zahi, sai ɗan ƙaiƙayi." Yaron ya dube shi ɗan jim, sannan ya zauna a tabarma shi kaɗai ya miƙa hannun. Ubansa na bakin ƙofa kamar wancan karon, ya juya baya yana duban masu loda buhunan albasa a mota.